Ƙure Gudun Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Mutumin Yekuwa Ya Sani Kafin Ya Taɓa Na'urarsa

Kwamfuta ta fito daga manyan ma'aikatun Yamai da Damagaram, ta shiga ƙananan hukumomi, makarantu, shaguna da gidajen jama'a. Tare da ita wata dabara ta iso, wadda samari ke gani cikin wayoyinsu: a tilasta wa na'ura ta yi gudun da ya zarce wanda masana'anta ta yanka mata. Dabarar gaskiya ce, tana kuwa aiki. Amma a ƙasa mai zafi da ƙura, lissafinta ya sha bamban da na ƙasashen da aka ƙago ta.

Yekuwa ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Magarya, jihar Damagaram, dab da iyakar Nijeriya. Mutanenta, kamar maƙwabtansu na gundumar Dungas wadda aka fitar daga Magarya a shekarar 2011, manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa. Wanda ya sayi kwamfuta a wannan yanki, ko dai ya sayar da buhunan riɗi da wake, ko ya kai rago kasuwa, ko kuwa ya yi watanni yana tsimi daga albashinsa. In ta lalace, mai gyara ba ya bayan gida. Sai an ɗauke ta zuwa Magarya, ko Damagaram, ko ma Kano. Saboda haka duk abin da zai rage mata kwana ya cancanci a dube shi da idon basira tun kafin a sa hannu.

KIƊAN DA NA'URA KE BI

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai kai faɗin tafin hannu ba, ana kiransa furosesa. Shi ke yin dukan lissafi. Ba ya aiki yadda ya ga dama. Akwai agogon lantarki da ke buga masa, kowane bugu taki ɗaya na aiki. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san misalin: makaɗi yana buga ganga, manoma suna sauke fartanya bisa kiɗa. In kiɗa ya yi sauri, noma ya yi sauri.

Ana auna wannan bugu da herz, sunan da aka aro daga wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. Herz ɗaya bugu ɗaya ne cikin daƙiƙa. Megaherz bugu miliyan ne, gigaherz kuwa miliyar ɗaya, watau miliyan dubu. Kwamfutar da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1981 tana gudun megaherz 4,77. Ta yau tana yin gigaherz 3 zuwa 5, har da ɗoriya.

Gudun furosesa daga lambobi biyu yake fitowa. Akwai bugun tushe, wanda galibi megaherz 100 ne, akwai kuma lambar ninki. In ninki 36 ne, gudu ya zama megaherz 3600, watau gigaherz 3,6. Wanda ya shiga shafin saiti na na'urar, wanda ake kira BIOS, ya mai da 36 ta koma 40, ya ƙure gudu ke nan. Masu sana'ar suna ce wa wannan aiki obakulok.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa shi ne, furosesa ba su fitowa daga masana'anta da ƙarfi ɗaya, kamar yadda zangarniyar gero ba ta zama ɗaya ko da gona ɗaya ce. Kamfani yakan gwada su, ya yanka wa kowane rukuni gudun da zai iya riƙewa shekara da shekaru, ya bar ƴar rara domin ranar zafi da ranar tsufa. Wannan rara ita ce mai ƙure gudu ke ci.

ZAMANIN DA DABARAR TA YI RIBA

Al'adar ta daɗe. A 1984, da IBM ya fitar da na'urarsa mai suna PC/AT a kan megaherz 6, wasu suka riƙa cire ɗan abin da ke buga agogon suna sa mai sauri, na'ura ta koma megaherz 8. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, furosesa mai araha da ke gudun megaherz 300. Aka gano cewa in an ɗaga bugun tushe daga 66 zuwa 100, sai ya kama gudun 450 lami lafiya, ya yi kafaɗa da kafaɗa da masu tsadar gaske. Ƙarin rabi ke nan a kyauta. Wajen shekarar 2000, masu furosesa Athlon na kamfanin AMD da bakin fensir suke haɗa wasu ƙananan layuka da ke bisa na'urar, ninki ya buɗe.

Wancan zamani ya wuce. Tun daga 2008 Intel ya sa wa furosesansa dabarar Turbo Boost, wadda ke ɗaga gudu da kanta in aiki ya yi nauyi, ta sauke shi in zafi ya yi yawa. AMD ma yana da irin tasa. Ma'ana, rarar da a dā ake bar wa mai saye, yanzu masana'anta ce ke cinye mafi yawanta tun kafin kaya su fito.

Lambobin ban mamaki da ake yayatawa kuwa na ƴan gasa ne. A 2011 an kai furosesa FX-8150 na AMD gudun gigaherz 8,429. A watan Disamba na 2022 aka ƙetare gigaherz 9 da Core i9-13900K na Intel. Amma da ruwan iskar heliyom aka sanyaya su, wanda ya fi ruwan nitrojin sanyi, shi kuwa na nitrojin digiri 196 yake ƙasa da sifiri. Kuma na ɗan lokaci ne ƙalilan. Babu mai rubuta takarda ko lissafin kanti da irin wannan na'ura.

Ga mai kwamfutar gida, ribar ƙarama ce. Daga gigaherz 3,6 zuwa 4, aikin minti 60 zai koma minti 54, shi ma in aikin na lissafi ne zalla, kamar haɗa fim ko wasa mai nauyi. Mai buga wasiƙa ko jerin sunayen ƴan makaranta ba zai ga bambancin komai ba.

HAƊARI HUƊU

Na farko, zafi. In makaɗi ya ƙara sauri, dole a ƙara wa manoma fura, gumi kuma ya ƙaru. Haka furosesa: ƙarin gudu yana neman ƙarin ƙarfin wuta, watau bolt. Wutar da yake ci tana tafiya daidai da gudu, amma tana bin bolt ninki biyu. In an ƙara kashi 10 cikin 100 na gudu da kashi 10 na bolt, cin wuta zai ƙaru da kashi 33. Furosesa mai cin wat 65 zai koma wajen wat 87, kuma dukan wannan wuta zafi take zama. Yawancin furosesa na yanzu iyakarsu digiri 95 ne zuwa 100. In sun kai can sai su rage gudu da kansu domin kada su ƙone, mai na'ura ya wayi gari da gudun da bai kai na farko ba. Garin neman ƙiba an samo rama.

Na biyu, tsufan wuri. Layukan da ke cikin furosesa sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Wuta mai ƙarfi tare da zafi tana zaizaye su sannu a hankali, kamar yadda ruwan damina ke cin gaɓar ƙorama. Ba a ganin ɓarnar a ranar farko. Bayan watanni na'ura ta fara tsayawa, daga baya ko gudunta na asali ta kasa riƙewa. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Su kansu manyan kamfanoni sun sha wannan ɗaci. A watan Afrilu na 2023 wasu furosesa Ryzen 7000X3D suka ƙone a hannun masu su, har AMD ya ƙayyade ƙarfin wutar wani sashe nasu a bolt 1,3. A watan Yuli na 2024 Intel ya amsa cewa wutar da ta wuce kima ce ke lalata wasu furosesansa na zubi na 13 da na 14, daga baya ya fitar da gyara, ya ƙara musu garanti na shekara 2. In injiniyoyin da suka ƙera abu sun yi tuntuɓe a kan ɗan ƙarin bolt, ina ga mai koyo?

Na uku, kuskuren ɓoye, wanda ya fi sauran sharri. Manomin da kiɗa ya fi ƙarfinsa yakan sare gero tare da ciyawa bai sani ba. Furosesan da aka ƙure yakan yi kuskuren lissafi ba tare da na'ura ta tsaya ba. Takarda ta ƙi buɗewa, hoto ya lalace, lamba ta sauya cikin lissafi. Ga ɗan kasuwa mai ajiye bashin jama'a, ko ma'aikacin da ke riƙe da rajistar haihuwa, wannan ya fi mutuwar na'urar muni, domin ba a san ranar da ɓarnar ta fara ba.

Na huɗu, garanti. Intel da AMD duka sun bayyana cewa garantinsu bai shafi ɓarnar da ƙure gudu ya jawo ba. A dā Intel yana sayar da wata kariya ta musamman domin masu wannan aiki, amma ya daina a watan Maris na 2021. Na'urar gwanjo kuwa dama ba ta da kowa sai mai ita.

ZAFI, ƘURA DA WUTA

Nan ne maganar ta shafi Yekuwa kai tsaye. Fanka da ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa ba su ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki suke turawa ta kwashe zafi. In iskar ɗaki ta yi zafi, furosesa ya bi ta digiri da digiri. Masu nuna dabarar cikin bidiyo galibi a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 suke. A ce furosesa ya kai digiri 75 a ɗaki mai 22. Shi ɗin dai, da aiki iri ɗaya, a ɗaki mai 42 zai kai 95. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Damagaram yakan kai digiri 40 har ya wuce, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Takardun da ke zuwa da yawancin kwamfutocin tebur sun nuna cewa an yi su ne domin ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. Ashe rarar da ake son ci, bazara ta riga ta cinye ta tun ba a taɓa komai ba.

Sanyi ma ba ya zuwa kyauta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana tafe da hazo. Ƙura tana shiga akwatin na'ura, ta cika tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, ta zama kamar bargo. Na'urar da ta kwashi ƙurar hunturu ita ce ke shiga bazara a toshe.

Sai maganar wuta. Ƙa'idar wutar NIGELEC, kamfanin ƙasa da aka kafa a 1968, bolt 220 ce, amma kowa ya san yadda take sauka da hawa, balle a ƙarshen layi. Shekaru da yawa jihohin Maraɗi da Damagaram suna samun babban kaso na wutarsu ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Da Nijeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024, jama'a sun ga yadda al'amarin ke iya rikicewa. Ƙauyukan da layi bai kai ba kuwa, da hasken rana da batir ko ƙaramin janareto suke aiki. Na'urar da aka ƙure tana tafiya ne a bakin rami, girgizar wuta kaɗan ta isa ta jefa ta. A gidan mai hasken rana, kowane wat da aka ƙara daga batirin da zai kunna fitilar dare aka ɗebe shi.

BA KOWACE NA'URA KE KARƁA BA

Yawancin kwamfutocin da ke isowa yankin na gwanjo ne, daga ma'aikatun Turai da Amurka suka fito, suka biyo ta Kwatano ko Legas, suka sauka kasuwannin Kano da Damagaram. Irin su HP, Dell da Lenovo na ma'aikata a kulle suke zuwa, shafin saitinsu ba shi da wurin sauya ninki. A wajen Intel, sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, kamar i5-2500K na 2011, tare da babban allo na rukunin Z. A wajen AMD, yawancin Ryzen da suka fara fitowa a 2017 a buɗe suke, amma sai da allo na rukunin B ko X. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa a bar ta yadda take. Jikinta a matse yake, fankarta ƙarama ce, furosesanta galibi a manne yake da allo. In ya ƙone, allon gaba ɗaya ya tafi.

A yi hattara da manhajojin da ke alkawarin ninka gudun kowace na'ura da latsawa ɗaya. Da yawansu ba su ƙara komai, wasu kuma ƙwayar cuta suke shigarwa. A yi hattara kuma da mai sayarwa da ke nuna babbar lamba a allo. Tun wajen 1998 Intel ya fara kulle ninki saboda ƴan damfara masu ƙure ƙaramin furosesa su sayar da shi da sunan babba. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna ainihin sunan furosesa da gudunsa.

ABIN DA YA FI ƘURE GUDU AMFANI

Kwamfutar da ke jan ƙafa, sau da yawa laifin ba na furosesa ba ne. Akwai magunguna huɗu da suka fi sauƙi, ba su kuma da haɗari.

A tsabtace ta. A kashe, a cire waya daga bango, a buɗe akwati, a busa ƙura da famfon iska ko a share da burushi mai laushi, ana riƙe da fanka kada ta juya. A yi haka aƙalla sau biyu a shekara, musamman a ƙarshen hunturu. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya yakan bushe bayan ƴan shekaru. A goge shi, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

A sauya faifan ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta wajen megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa. Faifan SSD yana yin wajen 500, ba shi da abin da ke motsi, bai kuma cika cin wuta ba. Babu ƙure gudun da zai kawo sauyi irin wannan.

A ƙara RAM, watau wurin da na'ura ke shimfiɗa aikin da take yi. Daga gigabait 4 zuwa 8 bambancin a fili yake.

A rage kaya. A cire manhajojin da ke tashi tare da na'ura ba a neme su ba. A kuma tuna cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar na'ura tana iya samun sabon numfashi da tsarin Linux mara nauyi.

GA WANDA YA CE SAI YA GWADA

Neman sani ba laifi ba ne, manyan masu gyara da gwaji suka koya. Amma a bi waɗannan ƙa'idodi.

1. A gwada da na'urar da in ta mutu ba za ta tsai da abincin gida ba. A kwafe dukan takardu zuwa wani wuri tukuna.

2. A tanadi na'urar daidaita wuta, in da hali har da akwatin batir mai riƙe kwamfuta sa'ad da wuta ta ɗauke. Kada a taɓa sabunta BIOS bisa wutar da ba ta da tabbas.

3. A auna kafin a taɓa. A sa manhajar HWiNFO ko HWMonitor, a ba na'ura aiki mai nauyi da OCCT ko Prime95, a rubuta zafi da bolt cikin littafi. In tun a gudunta na asali ta kai digiri 80, magana ta ƙare, sanyaya take bukata.

4. A koyi hanyar komawa. A kan babban allo akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032. In na'ura ta ƙi tashi, a cire waya daga bango, a fitar da shi na ƴan mintoci, a mayar. Saiti zai koma na masana'anta.

5. A ƙara ninki ɗaya ɗaya, watau megaherz 100 kowane taki. Bayan kowane taki a gwada na minti 30. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a kuma rubuta shi.

6. Mai koyo ya bar bolt yadda yake, ya kuma lura kada allo ya ɗaga shi da kansa. In na'ura ta fara tsayawa, a koma baya taki biyu, a tsaya nan.

7. Gwajin ƙarshe ya ɗauki sa'o'i, da rana tsaka, a ɗakin da na'urar za ta zauna. Zafi kada ya wuce digiri 85. A gwada RAM da MemTest86. Saitin da ya zauna lafiya a Janairu ba lalle ya tsallake Afrilu ba, saboda haka da shigowar bazara a mai da komai yadda yake.

Akwai kuma hanyar da ta fi dacewa da ƙasar zafi, ita ce rage bolt kaɗan ba tare da an taɓa gudu ba. Furosesa ya yi sanyi, ya daɗe bisa babban gudunsa, batir ya huta. Ita ma taki-taki ake yin ta tare da gwaji, amma kuskurenta tsayawar na'ura ne, ba ƙonewa ba.

KIRA GA MA'AIKATA DA IYAYE

Kwamfutar ma'aikatar magajin gari, ta gidan likita da ta makaranta dukiyar jama'a ce. Ba wurin gwaji ba ce. Ya kamata shugabannin ma'aikatu su sa kalmar sirri a shafin BIOS, su ɗaga na'ura daga ƙasa, su nisanta ta da taga, su rufe ta da ƙyalle in an tashi aiki, su kuma tsai da ranar share ƙura kamar yadda ake tsai da ranar tsabtar gari.

Iyaye kuwa, in yaro ya nuna sha'awar buɗe na'ura, kada a kashe masa gwiwa. A nema masa tsohuwa wadda ba ta da sauran aiki, a haɗa shi da mai gyara ya koya. Yankin Magarya da Dungas yana bukatar samari masu iya share kwamfuta, sauya faifai da ceto takardun da suka ɓace, domin a rage ɗaukar kaya zuwa nesa. Na'urar da ta yi shekara 10 tana aiki bisa gudunta na asali ta fi wadda ta yi tsere na damina ɗaya ta kwanta. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, rigakafi kuma ya fi magani.